Kwandalar Talla a Zangon Kwatano

Sa'ad da Farisiyawa suka zo su gwada Ubangiji Yesu da zancen haraji, bai ba su amsa nan take ba. Ya ce a nuna masa kuɗin tukuna, da aka miƙa masa dinari kuwa, sai ya tambaye su ko surar wa da sunan wa ke bisansa (Matiyu 22). Masu karatun Littafi Mai Tsarki sun san inda zancen ya nufa. Amma tambayar kanta tsohuwar tambaya ce ta kasuwa, ita ce kuma ta fari da ɗan canji yakan yi in an ɗora masa baƙon ƙarfe a tafin hannu. Akwai wani irin ƙarfe mai kama da kuɗi wanda sunan da ke bisansa ba na sarki ba ne, ba kuwa na gwamnati ba, sunan wani ɗan kasuwa ne kawai, ko kanti, ko kamfanin sabulu. Wannan ita ce kwandalar talla. Faransawa suna ce da ita jeton, kalmar kuwa ta zauna daram a Kwatano, har tsabar canjin da mai kabu-kabu ke mayar wa fasinja ma jeton ake kiranta.

Unguwar Zongo ta Kwatano, a Jamhuriyar Benin, wuri ne da ya dace da wannan zance. Sunan ma Hausa ne, watau zango, masaukin fatake. Tun ƙarni na 18 ayarin Hausawa ke ratsa arewacin ƙasar, ta Nikki da Jugu, zuwa Gwanja sayen goro. Kwatano kuwa sai wajen 1830, a zamanin Sarki Gezo na Dahomi, ta fara zama abin ambato. Faransa ta sa ƙafa a cikinta da yarjejeniyar 1868, aka fara gina gadar ƙarfe ta sauke kayan jiragen ruwa a 1891, aka ci Sarki Behanzin da yaƙi tsakanin 1892 da 1894, sa'an nan aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa wadda ta kai Paraku a 1936. Inda jirgin ruwa da na ƙasa suka haɗu, nan Bahaushe kan sauke kayansa. Haka Zongo ta kafu kusa da tashar jirgin, da babban masallacinta, da mahauta, da dillalai, da 'yan canji masu juya naira zuwa sefa. Akwai kuma masu sayar da kayan da, sana'ar da Hausawa suka yi suna a cikinta daga Abijan har Duwala. A faifansu akan ga duwatsun wuya, da mundayen tagulla, da wuri, da anini mai huji, da dalar azurfa. Jefi-jefi akan tsinci wani ƙarfe a tsakaninsu wanda ba gwamnatin da ta taɓa buga shi.

Kwandalar talla 'yar rashin canji ce. Duk ƙasar da aka same ta, in an bi sawu za a tarar an yi lokacin da hukuma ta kasa buga ƙananan kuɗi isassu, talaka ya rasa abin sayen gishiri, mai kanti ya rasa abin mayar masa. A ƙasar Hausa da Dahomi wuri ne ya daɗe yana wannan aiki, ya kuwa yi shi da kyau, gama ba kuɗin da ya kai shi ƙanƙanta. Daga tsibiran Maldib na Tekun Indiya ake kawo shi. Baturen nan Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Amma a cikin waɗannan shekaru 'yan kasuwar Jamus da na Faransa suka gano wani irin wuri mai arha a gaɓar Zanzibar, suka yi ta jibge shi a Wida da Ikko domin sayen manja. Wuri ya yi yawa, darajarsa ta zube. Keso guda, watau wuri zambar ashirin, kayan mutum ɗaya ne cur, in tafiya ta yi nisa kuwa sai mai ɗaukar kuɗin ya cinye su a hanya.

Turawan da suka zo fatauci sun san wata dabara tun daga gida. A Ingila, tsakanin 1648 da 1672, dubban masu kantuna da masu masauki sun buga nasu ƙananan kwabbai da sunayensu, sai da Sarki Charles na Biyu ya hana. Abin ya dawo a 1787, sa'ad da wani kamfanin haƙar jan ƙarfe a tsibirin Anglesey ya buga kwabon biyan ma'aikatansa, wasu 'yan kasuwa suka bi. Nan da nan suka lura cewa ƙarfen da ke yawo daga hannu zuwa hannu ɗan talla ne wanda ba ya gajiya, ba ya kuma neman lada. Wanda ya fi kowa wayo a nan shi ne Thomas Barratt na kamfanin sabulun Pears. Doka ta hana a yi rubutu bisa kuɗin Sarauniya, amma ba ta ce kome a kan na Faransa ba, kwabon Faransa na santim 10 kuwa girmansa kusan ɗaya da na Ingila, mutane suna karɓarsa ba gardama. A cikin shekarun 1880 ya sayo su jibgi, ya buga sunan sabulunsa bisansu, ya sake su cikin kasuwa, har sai da gwamnati ta hana kwabban waje yawo. Pears daga baya ya shiga hannun kamfanin Lever, wanda ya sayi Kamfanin Neja a 1920, daga nan kuma aka haifi UAC a 1929, mai kantunan da kakannin Kanawa suka sani.

Akwai kwandala biyu da aka buga musamman domin Afirka ta Yamma, waɗanda labarinsu ya sarƙe da na bishara. Ta fari ta Saliyo ce. Zachary Macaulay, wanda ya yi gwamna a Freetown, yana cikin masu bin nan da suka tsaya tare da William Wilberforce har aka hana cinikin bayi. Yana kuma da kamfanin ciniki, Macaulay da Babington. Wajen 1814 kamfanin ya sa aka buga masa kwandalar jan ƙarfe a Birmingham. A fuska ɗaya ga Bature da baƙar fata suna musafaha, da rubutun Turanci mai cewa duka 'yan'uwa ne, da sanarwa cewa Birtaniya ta hana cinikin bayi a 1807. A ɗaya fuskar an sake faɗin saƙon da Larabci. Dalili a fili yake. Ana so kwandalar ta bi ayari ta shiga can ciki, inda malamai da fatake ke karanta Larabci, inda kuma ake tara bayin. Canji ce a kanti, talla ce ga kamfanin, shela ce kuma ga wanda bai ji labarin dokar ba. Mai bincike ya lura da abu guda a nan: 1807 da ke jikinta shekarar doka ce, ba shekarar bugu ba.

Ta biyu ta fi kusa da gida. Macgregor Laird ɗan ƙasar Sikotland ne, daga gidan maƙera jiragen ruwa. Ya hau Kogin Kwara a 1832 tare da Richard Lander, cikin Turawa 48 da suka tafi, tara kaɗai suka koma da rai. Bai karaya ba. A 1854 ya aiko da jirgin Pleiad ƙarƙashin Likita William Baikie, wanda ya sa mutanensa shan kwini kowace rana, aka hau Binuwai aka dawo ba a binne ko mutum ɗaya ba. Samuel Ajayi Crowther yana cikin jirgin. A 1857 wani jirgin Laird, Dayspring, ya sake kawo Crowther, aka buɗe tashar mishan a Onica, jirgin kuwa ya ci gaba har ya bugi dutse ya fashe kusa da Jebba. A shekara mai zuwa Laird ya buga 'yar kwandalarsa domin rumfunan cinikinsa na bakin kogi. Tana ɗauke da hoton jirgin ruwa, da sunansa, da ɗan taken Latin mai nufin sa zuciya ga abin da ya fi. Shekara biyu ke jikinta, 1858 ta Masihiyya da 1274 ta Hijira. Daraja ma biyu ce: kashi ɗaya cikin takwas na kwabo, da kashi ɗaya cikin 400 na dala.

Wannan lissafi ya isa a tsaya a kansa. In an tara 400 na kashi ɗaya cikin takwas, kwabo 50 ke nan, watau sule huɗu da kwabo biyu, farashin da Ingila ta yanka wa dalar azurfa a lokacin. In kuwa an raba wuri 2,500 na Kano gida 400, kowace kwandala ta tashi wuri shida da ɗan ɗigo. Ashe mutumin yana neman ya maye gurbin 'yar ƙidayar wurin da mace ke sayen daddawa da ita, ya kuma ɗaura ta a kan dalar da babban falke ya yarda da ita. Tunanin ya yi kyau, amma kwandala alkawarin mutum ɗaya ce. Laird ya rasu a 1861, kasuwannin Kwara kuma suka ci gaba da ƙirga wuri har fiye da shekara arba'in bayansa. Abin da ya ɗore daga tafiye-tafiyen nan wani abu ne dabam: Baikie ya zauna a Lokoja yana juya sassan Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, Crowther kuwa ya zama bishop a 1864.

A ɓangaren Faransa, inda Kwatano take, yaƙin 1914 ne ya kawo babban rashin canji. Azurfa ta ɓuya cikin tukwane, jirage ba su kawo sabuwa. A 1917 hukumar Dahomi ta fitar da 'yan takardu na rabin tamma da na tamma guda, waɗanda gumi da gara suka yi wa ƙarshe da wuri. A 1920 majalisun 'yan kasuwa na Dakar da Rufisque da Kayes suka buga nasu kwandaloli, Ziguinchor ta bi a 1921. A Faransa kanta aka farfaɗo da wata dabara da John Gault ya ƙirƙira a Amurka a 1862: a sa kan sarki cikin ɗan gida na ƙarfe mai murfi garai-garai, kan sarkin ya zama kuɗi, bayan gidan kuma ya ɗauki tallar banki ko kanti. Sa'an nan majalisun 'yan kasuwar Faransa suka haɗu suka buga rawayen kwandaloli na tamma ɗaya, da biyu, da rabi, cikin shekarun 1920. Waɗannan sun yi yawo sosai a ƙasashen da Faransa ta mallaka.

Mai son gane kwandala ya fara da karatu. Kuɗin gwamnati sukan ambaci sarki ko ƙasa, su faɗi darajarsu kai tsaye. Kwandalar ɗan kasuwa takan ambaci mutum ko kamfani, wani lokaci har da titi da gari, sau da yawa kuma akwai kalmomin da ke tona asirinta. Na Faransa sukan ce Bon pour, watau ana karɓarta a madadin kaza, Turanci ma yana da irin wannan lafazi. Wanda ya rubuta haka ya yarda ke nan cewa abin da ke hannunka bashi ne a kansa. Bayan karatu sai awo: wane ƙarfe ne, nawa nauyinsa, nawa faɗinsa, gefen sumul ne ko mai zane. Huji ma yana magana. Na anini da kwabo a tsakiya yake, tsaf, daga ma'aikata. Wanda ke can gefe kuwa, a karkace, wata uwa ce ta sa maƙeri ya huda domin a rataya wa yaro, ko a jera a wuya.

Abubuwa da yawa sukan ruɗi mai koyo. Akwai lambobin ibada na 'yan Katolika, waɗanda suka bazu a gaɓar nan tun da fadan farko na ƙungiyar SMA suka sauka Wida a 1861. Akwai lambobin lebura masu ɗauke da lamba kaɗai ba daraja. Akwai kuma 'yan tagullan da aka kwaikwayi zinariyar Sarki George na Uku da su, aka buga su birjik a Ingila domin ƙirga ci a wasan karta, wasunsu da sunayen kantuna a baya. Mutane da yawa sun saye su da sunan zinariya sun yi kuka. Littattafai biyu sukan raba gardama: na David Vice na 1983 a kan kuɗin Afirka ta Yamma ta Ingilishi, da na Jean Lecompte na 2000 a kan kuɗi da kwandalolin ƙasashen mulkin Faransa. Yanzu kuma mai waya yana iya ɗaukar hoton fuska biyun ya gwada da waɗanda masana suka jera a intanet. Amma kwandala irin ta Macaulay tana bukatar idanu iri biyu. Ɗan makarantar mishan zai karanta Turancin, Larabcin kuwa sai ya ratsa titi ya gaishe da maƙwabcinsa alaramma. A Zongo wannan tafiya ba ta kai ta minti biyar ba.

Wajen sa farashi ne mutane suka fi tuntuɓe, domin suna zaton tsufa shi ne daraja. Dalar nan mai hoton sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya ita ce babban misali. Kusan kowace da ke faifan Zongo 1780 ke jikinta, gama an yi ta bugunta da wannan shekara har cikin ƙarni na 20, a birane dabam-dabam. Wanda aka ce masa ta haura shekara 200, ya biya kuɗin tsufa, ya yi asara. Duk da haka tana da inda farashinta ba ya faɗuwa ƙasa da shi, domin nauyinta wajen giram 28 ne, kashi biyar cikin shida kuwa azurfa ce. Sunanta ma bai mutu ba: har wa yau Bahaushen Maraɗi da na Kwatano da dala yake ƙirga sefa, biyar-biyar. Haka kuma kwabo da anini na 1936 masu sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarauta kafin a naɗa shi. Labarin yana da daɗin ji, dillalai kuma suna son ba da shi, amma an buga miliyoyinsu domin Afirka ta Yamma, ba su da wuyar samu. Rawayen Bon pour na Faransa ma haka suke.

Kwandalar talla ba ta da wannan madogara ta azurfa. Tun ranar da kantin ya rufe, alkawarin ya mutu, abin da ya rage ɗan guntun tagulla ne ko alminiyum. In tana da daraja yau, to, daga masu tara irinta ne, su kuwa abin da suke nema shi ne wadda ba ta da yawa, wadda rubutunta bai goge ba, wadda kuma aka san inda ta fito. Saboda haka kwandalar ƙaramin kanti a ƙaramin gari, wadda kaɗan aka buga, tana iya fin dalar azurfa tsada nesa ba kusa ba, muddin za a iya nuna kantin wa ne, a wane gari. Wadda ba a san asalinta ba kuwa, kome kyanta, farashinta na zato ne. Ko cikin kuɗin gwamnati, ɗan harafi yakan raba farashi: H ko KN da ke ɓoye a jikin kwabban Afirka ta Yamma suna nuna ma'aikatar Birmingham da ta buga su, wata shekara kuma bugun ɗayarsu kaɗan ne.

Inda akwai mai saye, akwai mai jabu. Kwandalar gaske bugunta ake yi da hatimin ƙarfe, ta jabu kuwa galibi zuba ta ake yi a narke. Mai zubi takan zo da ƙananan ramuka kamar na ƙaiƙayi, haruffanta a kumbure, da ɗan layin haɗi a gefe, in an jefa ta a daɓe kuma sai ta yi ƙara a dushe. Akan binne ta, ko a shafa mata manja da toka, ta fito kamar ta shekara ɗari. Lokaci-lokaci kuma jita-jita takan tashi cewa wasu Turawa suna sayen tsohon kwabo da miliyoyi, sai saurayi ya ci bashi ya tara buhu, mai sayen bai zo ba har yau.

Cuta tana da wata fuska wadda ta fi wannan shuru. Tsoho ya rasu ya bar gwangwanin tsofaffin kuɗi a ƙarƙashin gado, gwauruwarsa ba ta san abin da ke ciki ba, kuɗin makarantar jikoki kuma ya matsa. Mai ido ya zo ya ga guda ɗaya mai daraja, ya saye gwangwanin duka a farashin ƙarfen bola. Ba ƙarya ya yi ba, in ji shi, shuru kawai ya yi. Littafin Karin Magana ya yi kashedi mai zafi a kan ma'aunin algus (sura 11), a wannan ciniki kuwa ma'aunin a kan mai saye yake, sanin da yake da shi ne mudun. Kasuwar Hausa tana da hanyar da ta fi tsabta tun da can, watau dillanci: a faɗa wa mai kaya abin da kayansa yake, a nemo mai saye, a ɗauki la'ada a sarari. Wanda ya gaji irin wannan gwangwani kuwa, kada ya yi gaggawa. Ya nuna wa mutum biyu ko uku waɗanda ba su san juna ba kafin ya ce ya sallama.

Wasu ma ba na sayarwa ba ne. Masu juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa sun ɗauki sunan anini suka ba ɗan baikon gwauruwar nan ta Markus 12, a zamanin da kowane yaro ya san anini goma ne kwabo. Najeriya ta koma naira da kwabo a 1973, yaran yau kuwa suna jin kalmar a majami'a ba su taɓa ganin abin ba. Anini guda a hannun malamin makarantar Lahadi ya fi dogon bayani aiki. Mai niyyar ƙetare iyaka da kayan tarihi kuma ya tambayi doka tukuna. Najeriya tana da dokar 1979 mai neman izinin hukumar gidajen tarihi, Benin ma ta farka ƙwarai tun da Faransa ta mayar mata da kayan fadar Abomey guda 26 a 2021, aka nuna su a Kwatano a 2022, jama'a suka yi ta dafifi.

Abin da ya fi lalata kwandala a gidaje shi ne son a ga tana walƙiya. Toka, da yashi, da lemun tsami sukan cinye duhun da shekaru suka shimfiɗa mata, wanda shi ne masu tarawa ke biya dominsa, su bar ta da ƙuje-ƙuje. A bar ta yadda take. A sa kowace cikin 'yar ambulan ta takarda, a rubuta a bayanta wanda ya bar ta, da garin da ya yi aiki, da abin da yakan faɗa a kanta, tun tsofaffin da suka sani suna da rai. A kuma nisanta ta da laima, gama iskar Kwatano gishiri gare ta, alminiyum kuwa ba ya jure mata. Aninin farko na 1907 da alminiyum aka buga shi, ya yi ta ruɓewa a hannun mutane, shi ya sa tun 1908 aka koma buga shi da farin ƙarfe.